Na Raba Kwano a Abijan

Abin da na fara koya a Abijan, tun kafin sana'a, tun kafin Faransancin titi, shi ne ci. Na sauka Ajame kamar karan dawa, wuya duk jijiya, wando sai da igiya yake zama a ƙugu. Alhaji Shaibu, mai masaukin ƴan garinmu Tamaske na ƙasar Adar a unguwar, ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai.

"Nomau, hakanga Adar tay yi da kai? Zamna ka ci. Aiki ba shi gudu."

Na zauna na ci, kuma ban tashi daga cin nan ba sai bayan shekaru.

Gidan Alhaji ƴar tsakar gida ce da ɗakuna kewaye, kowane ɗaki cike da mazan garinmu da na ƙauyukan kusa, har da ƴan wajen Keita da Buza da suka raɓu da mu. Matanmu duk suna gida Nijar. Abinci kuwa daro guda ne, babba, wanda za a iya yi wa jariri wanka a ciki. Shinkafa ce kullum, manja kwance a kanta, da kawunan kifi. In an sauke, kowa ya wanke hannu ya durƙusa. A bakin daron nan ake jin wanda matarsa ta haihu, da inda ruwa ya sauka, da wanda zai tafi gida a ba shi saƙo. In mutum biyu suka yi faɗa, Alhaji ba ya doguwar shari'a, sai ya zaunar da su kafaɗa da kafaɗa a bakin daro. Wanda ya ƙi sa hannu, kowa ya san bai huce ba. Tamasken da muke da ita a Abijan ke nan, ba mu da wata.

Sana'ar yawancinmu ita ce garba, abincin da mutanen garin suka laƙaba wa sunan mutanenmu don mu muke sayar da shi. Acake ne, wato garin rogo da aka turara, a ɗora masa yankan kifin teku soyayye, a yanka albasa da tonka mai yaji, a murmushe dunƙule, sannan a ɗebo baƙin man suyar nan a kwarara. Leburori da ɗalibai su ci su tafi su ƙone shi a wajen aiki. Ni kuwa ina tsaye wuri guda daga safe har la'asar, tafiyata ba ta wuce daga kasko zuwa tebur. Kifin da ya farfashe ba a sayar da shi, bakina ne kasuwarsa. Da safe kafe da madarar gwangwani mai kauri, da burodi an shafe shi da mayones ciki da waje. In zafi ya taso, lemon kwalba mai sanyi. Mutumin da ya tashi ba ya ganin sukari sai ranar suna ko salla, in ya same shi a araha ba ya tsayawa tambayar illarsa.

Jiki kuwa ya karɓa. Wuya ya cika ya yi ninki, tumbi ya fito yana riga ni shiga ɗaki. Da na je gida shekarar da zan yi aure, tsofaffin mata na tare ni a hanya suna cewa Abijan ta karɓi ɗan Hajo. Hajo ita ce innata, kuma a kwanakin nan har tafiyarta ta canza. Salamu, wadda na aura, ƴar Azarori ce ta wajen Madawa, dangin inna ne na nesa. Mahaifinta, Baba Ada, bai yi dogon bincike a kaina ba. An ce da na tashi daga gabansa ya ce wa ƙannensa mai wuya irin wannan ba ya barin mace da yunwa. Salamu ta tare a gidanmu na Tamaske wajen inna, ni na koma bakin kasko. Cikin zuwa da komawa Allah ya ba mu ƴaƴa biyu.

Ƙishirwa ce ta fara. In sha ruwa kamar raƙumi, in zagaya, in dawo in sake sha. Daga baya ido ya soma dishi-dishi, ina ganin mai saye kamar ta bayan labule. Sai wata rana mai ya fantsamo mini a kan ƙafa, ƴar ƙuna wadda da a gona ne ko kallonta ba zan yi ba. Ta ƙi warkewa. Ta buɗe, ta soma ruwa, har takalmi ya gagare ni. Wata mata da ke aiki a dispanser, ƙaramin asibitin unguwa, mai sayen garba a wajena, ita ta lura da ƙafar. Ranar ba ta karɓi abincinta ba, ta ce in rufe tebur in bi ta.

Madam, kamar yadda kowa ke kiranta, ta soki yatsana, ta ɗaure mini dantse da abin awo, ta dubi abin da ya fito, ta dube ni. Da Faransanci da ɗan Julanci ta fahimtar da ni cewa ciwon sukari ne, ga kuma tansiyon, wato jini, ya hau. Ta wanke ƙafar, ta rubuta magani, sannan ta ɗauko farantin da take cin abinci ta ajiye gabana. Ta ja yatsa ta raba shi biyu. Wannan gefen duka ganye, in ji ta. A ɗaya gefen, tuwo ko shinkafa kada ya wuce dunƙulen hannuna, sauran wake ko gasasshen kifi. Mai kaɗan, gishiri kaɗan, lemon kwalba da madarar gwangwani kuwa mu yi ban kwana. In ƙafa ta warke, kullum in yi tafiya har in yi gumi.

Dariya ta kama ni, ba irin ta daɗi ba. Ganye? A Adar ganye abincin shekarar da hatsi bai yi ba ne. Na ci tafasa da rama har sun ishe ni tun ina yaro, gudunsu ma na yi na zo bakin teku. Yanzu ga mace da farar riga tana cewa in koma musu. Ta bar ni na gama dariyata, ta nuna ƙafar da biro.

"In ka ci gaba yadda kake," ta ce, "wannan ba za ta koma Nijar tare da kai ba."

Ban miƙa wuya nan take ba. Ɗan Adam in an nuna masa hanya mai hawa, sai ya leƙa ko akwai ta gangare. A tashar Ajame na gamu da wani mai lasifika da kwalabe a kan tabarma. Da ya ji Hausata ya kashe lasifikar, ya gaishe ni irin gaisuwarmu, ya tambayi mutanen gida da ruwa da bisashe, ya ce shi ɗan wajen Ƙonni ne. Na daɗe ban ji baƙo ya tambaye ni lafiyar innata ba, sai na ji kamar na ga ɗan'uwa. Ya ce ciwon sukari ba komai ba ne, likitoci ne ke tsorata mutane, in sha kwalbarsa in ci abin da raina ke so. Na saya na sha. Abin da na samu zawo ne da jiri, ƙafa kuma ta ƙara kumbura. Da na koma, mai sayar da takalma na tarar a wurin. Ya ce mutumin nan yau ɗan Ƙonni ne, gobe ɗan Maradi, ya danganta da wanda ya tsaya a gabansa. Gaisuwar nan da ya yi mini ta fi kwalbar ci mini rai.

Daga nan na kama maganar madam da gaske. Na faɗa wa Alhaji a gaban kowa, a bakin daro, ban ɓoye komai ba.

"Ciwon sukari?" in ji shi. "Wanga ai ciwon ministoci na da manyan ƴan kasuwa. Ina kai ina shi? Yi bisimilla ka ci. Abin da anka yi ma bisimilla ba shi cuta."

Na gwada zama ina tsakura, ba ta yiwu ba. A bakin daro in ka janye hannu da wuri sai a ce wa ya ɓata maka rai. Wannan ya turo maka kan kifi, wancan ya tara maka shinkafa daga inda man ya fi kwanciya, duk don ƙauna. Ƙarshe na sayi ƴar tukunya da murhun gawayi da ƙaramin kwano nawa na kaina. Na gano layin da matan arewa ke sayar da hatsi da dawa da kuka da busasshen zogale. Albasa kuwa tamu ce ta gida, manyan motoci ke kawo ta, nakan ɗauki guda in shinshina kafin in saya, mai kayan na kallona. Ni da ban taɓa riƙe muciya ba, na koyi tuƙi ta waya wajen Salamu, tana dariya har da tari in ta ga gudajin da na yi. Wani lokaci takan jingine wayar jikin turmi tana cin nata, ina cin nawa, wai don kada in ci kamar maraya.

A wajen aiki kuwa jarrabawa ce. Yini guda ina kwarara wa mutane abin da aka hana ni, ƙamshin kifi na shiga hancina, hannuna na tafiya baki da kansa sai in tsayar da shi a hanya. Kifin da ya farfashe na koma ƙara wa leburori shi gyara. Suka ce Garban nan hannunsa ya buɗe, ba su san dalili ba.

Idi, ɗan gwaggona kuma abokin wasana, wanda muke ɗaki guda, shi ya fara tsiya. In ya gan ni da kwanon zogale sai ya kira mutane.

"Ku zo ku ga akuyar Alhaji ta samu haki. Nomau, in ka ƙare in kai ka mashaya?"

Wata rana kuma ya ce, "Kowa ci shi ɗai, shi ɗai ka mutuwa." Da wasa ya faɗa, da wasa na rama, amma maganar ta zauna mini. Ina zaune a ƙofar ɗaki da kwanona a cinya, ina jin dariyarsu daga bakin daro, ban san abin da ake wa dariya ba. Labarin gida ya koma iske ni a makare, sai an kwana biyu in ji wane ya rasu, har an yi masa addu'a ba ni. Kaɗaici ya kama ni a gidan da ko wurin shimfiɗa tabarma da ƙyar ake samu.

Ƙafa ta warke, ta bar tabo. Na fara tafiya bayan sallar asuba, kafin kifi ya iso. A wajenmu namiji ba ya tafiya sai da dalili, gona, ko kasuwa, ko jana'iza, ko biɗar jakin da ya ɓata. Mutum ya fita da sauri, ya je can ya juyo hannu wofi yana gumi, to ko dai kansa ba daidai ba, ko yana da abin ɓoyo. Da farko numfashi ne ke gagarata. Ni da nake sauko da damin hatsi a kai daga gonar kan dutse ban tsaya ba, ga ni ina hutawa jikin sandar lantarki, matan da ke share shagunansu na kallona.

A kan hanyar nan na haɗu da Papa. Tsoho ne ɗan ƙasar, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ya huta, shi ma likita ne ya koro shi titi. Hausarsa ba ta wuce "aboki" ba, Faransancina kuma na ciniki ne. Muka dinga tafiya tare, yawanci shiru. Da ya ga silifa nake ja, sai ya kawo mini takalman ɗansa da ke Turai, ya nuna tabon nan ya ce mai sukari ba ya wasa da ƙafa. In na makara sai in tarar da shi a bakin gada yana karkaɗa hannuwa yana jirana. Ban taɓa sanin gidansa ba, bai taɓa sanin nawa ba.

A hankali ido ya washe, ƙishirwa ta tafi, madam ta soma murmushi in ta dubi abin awonta. Tumbi ya sauka, wuya ya koma yadda Allah ya yi shi, rigunana suka yi mini yawa. Ina jin ƙarfin da rabona da shi tun ina noma. Ban san abin da ake gani daga waje daban ne ba.

Ku haɗa da kanku. Mutum a Abijan, matarsa na nesa, ya rame cikin ƴan watanni, yana haɗiyar ƙwaya kullum, yana zuwa dispanser duk wata, kuma shi da kansa ya raba kwano da mutane. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya taɓa ganin namiji da aka sauke daga mota a rame, aka shigar da shi ɗakin baya, ba a faɗin sunan ciwon. Sida, wato ƙanjamau. Ba wanda ya furta a gabana. Butata ce dai ta zama tawa ni kaɗai, ba mai ɗauka ko da sauran duk suna hannu. Idi ya daina tsiya, kuma wannan ya fi komai tsorata ni, don abokin wasa in ya fara yi maka ladabi to an gama da kai. Daga baya ya ce ɗakinmu ya faye zafi, ya kwashe tabarmarsa.

Na kai kuka wajen madam. Ta gwada jinina don hankalina ya kwanta, babu komai sai sukarin da muka sani. Ta ce ko da ma shi ne, ba a ɗaukarsa a kwano ko a buta, kuma masu shi suna shan magani suna rayuwarsu. Na ce wannan ni ta gaya wa, wa zai gaya wa Tamaske? Na kai wa Alhaji takardar gwajin, ya karɓa da hannu biyu, bai buɗe ba, ya ce mun gode Allah. Daga baya na ji ya ce a Ajame ko takardar zama gwamna kake so ana buga maka.

Magana zarar bunu ce. Wani ya tafi gida da saƙonnin mutane, ya tafi da wannan ma. Salamu ta rage dariya a waya. Sai ta ce, "Matso da huskarka in gani," ta ƙura mini ido, sannan ta ce yara na gaishe ni. Ana nan sai inna ta kira, ita da ba ta kira sai an yi mutuwa. Ta ce ƙanen Baba Ada ya zo ya tafi da Salamu da yara Azarori, wai ganin gida, amma har tukwanenta aka ɗaura a mota.

"Inna, ciwon sukari na," na ce. "Lahiyata lau. Na ma hi da ƙarhi."

"Ni ban san sukari ba, ɗana. Na dai san yadda kat tahi, na kuma ga yadda anka gwada min kai cikin waya. Ka ci abinci. Ka ci ka maida jikinka, mutane su yi shiru, a maido maka ɗiyanka."

Ga zaɓin da aka ajiye mini: in yi ƙiba in karɓo matata, ƙafa ta tafi, ko in riƙe ƙafa, gida ya watse. Kwana da kwanaki ina juya shi, abinci ba daɗi, tafiya ba daɗi. Na kira Salamu, wayar a kashe. Ranar wata Juma'a na yanke shawara. Aka sauke daro bayan an taso daga masallaci, na wanke hannu na durƙusa tsakanin Idi da wani mutumin Keita. Na yi bisimilla na sa hannu. Shinkafar nan ta yi mini daɗi har hawaye ya kusa zubo mini. A loma ta biyu na ji Idi ya ce, "Alhamdu lillahi," ya miƙe. Na Keita ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya, ba fushi, ba magana, kowa ya gode wa Allah ya tashi, daro ko taɓawa ba a yi ba. Alhaji ne ya rage. Ya daure ya ƙara loma guda daga can gefensa, don shi ne babba, sannan ya ce haƙorinsa na ciwo. Na zauna ni kaɗai da abincin gida guda a gabana. Nan na gane ko shinkafar Abijan duka na cinye, ba za ta kankare abin da ke ransu ba. Na wanke hannuna na koma wa tukunyata.

Washegari na gaya wa Papa, da guntun Faransanci da nuni. Ya saurara har muka kai gada muka juyo. Ya ce waya fuska kawai take nunawa, ba ta nuna yadda mutum ke taka ƙasa, in je matata ta gan ni da idonta. Na damƙa teburina hannun wani, na aika Azarori cewa ina tafe, na hau kar, babbar motar fasinja.

Hanyar gida doguwa ce, ta Burkina, ga shingaye ga jira. Duk inda motar ta tsaya, abin da ake miƙowa ta taga burodi ne da soye-soye da lemo. Ni na yi guzurin gyaɗa da dafaffen ƙwai da yalo, ina ci ina kallon taga. In an tsaya salla ko bincike sai in zagaya motar ina miƙe ƙafa, har karen motar ya tambaye ni ko wani abu na yar. Da muka iso mararrabar Tawa, inda ƴan Tamaske ke sauka su nufi arewa, na ƙi motsi. Na san inna na jira, amma ban iya shiga gidanmu in ga ɗakin Salamu a rufe ba. Na zarce Madawa.

Rana tsaka muka shiga, rani ya kai rani, buhunan albasa jibge a bakin gudron, wato kwalta, suna jiran manyan motoci. Na hau kabu-kabu zuwa Azarori. Tun kafin mu kai gidajen farko na ce ya sauke ni, ina son a gan ni na shigo da ƙafata.

Baba Ada yana ƙarƙashin rumfa da ƙannensa da wasu maƙwabta. Na tuɓe takalmi daga nesa, na durƙusa. Gaisuwa ta yi tsawo yadda ta saba, ba a rage mini ko kalma ba, hanya, gajiya, aiki, mutanen Abijan. Idanu dai na kan wuyana.

"Kun gan ni, Baba," na ce. "Ciwon sukari gare ni, shi as sa anka hana ni mai da zaƙi. Babu wani abu bayan shi."

"Allah shi ƙara sauƙi. Mu ba mu ce komi ba. Yarinya ganin gida taz zaka."

"Ina biɗar ku ba ni ita mu koma, Baba."

"Huta tukuna. Ba a yanke magana da ƙishirwa."

Aka fito da fura. A al'ada ƙwarya guda ce da ludayi, ta zagaya maza, babba ya fara, baƙo ya biyo. Ƙwaryar ta zo ta sauka gaban Baba Ada. Ni kuma aka ajiye mini wani kwanon roba sabo fil, takardar kanti ma ba a ɓamɓare ba. Domina aka saye shi, kuma na san daga ni ba mai sake sha a ciki.

Na kurɓa. An zuba sukari kamar ba gobe, don a karrama baƙon Abijan. Na ƙara kurɓa don kada a ce na raina, na ajiye. Nan ma aka dubi juna, wato ga shi ko fura ba ya iya sha. Ragowar baƙo yara ake ba, kowa ya sani, har ɗiyata Zali ta leƙo daga bakin ƙofa tana jira. Kakanta ya harare ta, ta koma da baya. Wannan hararar ta fi duk abin da aka yi mini a Abijan zafi. Sannan ya ɗaga murya ya ce a zo a ɗauke kwanon nan a zubar bayan danga.

Salamu ce ta fito, ko da yake ba ita aka kira ba. Ita ma ta rame. Ta durƙusa gaban mahaifinta da baffanninta, ba ta dube ni ba. Ta ɗauki kwanon da hannu biyu. Maimakon ta miƙe, sai ta juya shi a hankali har gefen da bakina ya taɓa ya zo gabanta, ta kafa kai. Ana jin saukar furar a maƙogwaronta, don ba mai motsi a rumfar. Ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu.

"Salamu," in ji Baba Ada.

"Hura ta, Baba. Hatsinku na. Ba a zubda shi."

Ta tashi ta shige da kwanon. Ƙanen Baba Ada ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannu. Abin da suke tsare ta daga gare shi, a ganinsu, ta riga ta sha a gabansu, ba sauran abin tsarewa.

"Sai ku kama hanya da sanyin la'asar," in ji Baba Ada, bai dube ni ba.

Na same ta bayan rumbu tana kwashe kayan yara daga kan danga. Na yi wata da watanni ina faɗin gaskiya ba mai karɓa, yau ga mutum guda.

"Ashe ke kin yarda da ni," na ce.

Ba ta juyo ba. Ta ninke ƴar rigar Zali ta ɗora a kafaɗa, ta ɗauki wata.

"Ban sani ba, Baban Zali. Wallahi har yanzu ban sani ba. Na dai leƙo nig ga an aje maka kwano kai ɗai, awa wanda ba shi da kowa."

Ta miƙo mini ƙullin kayan, na karɓa.